Jinyar ƙififiyar da ta ji rauni, daga ranar farko har ta koma ruwa

Da zarar ruwan farko ya sauka a Gombe, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ƙififiya ta fara fitowa ke nan. Irin wadda muka fi gani a kududdufai da fadamu, mai lanƙwasa wuya gefe ta ɓoye kai a bakin ƙoƙo, wadda masana ke kira Pelomedusa, takan yi rani a binne cikin taɓo. Sai ƙasa ta jiƙa take tasowa ta kama hanyar neman ruwa, kuma a wannan tafiyar ce babur ke taka ta, kare ya tauna ta, ko fartanya ta sare ta a gona. A Dadin Kowa da sauran garuruwan bakin kogin Gongola akwai mai laushin baya, wadda kan faɗa komar masunta ko ta haɗiye ƙugiya. Ta gida da ake kiwo a baho ita ma ba ta tsira ba: yaro ya ɗaga ta, ta sakar masa ɗoyin nan nata na kare kai, ya yar da ita a kan siminti.

Mai tausayi yakan yi abu biyu nan take. Ya jefa ta cikin ruwa, tunda ai dabbar ruwa ce, ko ya aika a sayo sufa gulu ya liƙe fashewar. Dukansu suna iya kashe ta, kuma dalilin yana cikin yadda aka gina jikinta.

Ƙoƙon ƙififiya ƙashi ne mai rai. Haƙarƙarinta da ƙashin bayanta ne suka haɗe suka zama ƙoƙon sama, sannan aka lulluɓe shi da siririn ɓawo irin na farce. Jini na gudana a cikinsa, akwai jijiyoyi, tana jin zafi sarai ko da ba ta kuka. Huhunta kuma yana manne ne a ƙarƙashin ƙoƙon saman nan. Saboda haka fashewar ƙoƙo karayar ƙashi ce mai buɗaɗɗen rauni, wani lokaci ma ƙofa ce kai tsaye zuwa cikin ciki. In ka sa ta a ruwa, ruwan da kashinta ke ciki zai bi tsagar ya shige. In ka liƙe tsagar, ka rufe ƙasa da ƙwayoyin cuta a ciki, ƙashin ya ruɓe a ɓoye, ba za ka ankara ba sai wari ya fito. Ga shi gulun da ya shiga tsakanin ɓangarorin biyu yana hana su haɗuwa har abada.

Ranar farko

Ɗauke ta da hannu biyu a gefe da gefe, ciki na kallon ƙasa. Kada ka kifa ta a bayanta ka bar ta don kana son ganin ƙirjin, domin kayan cikinta za su danne huhun. In dole ne ka duba ƙasan, karkata ta a hankali, ka duba, ka mayar. Mai laushin baya tana da dogon wuya da cizo mai tsanani, tana iya kai baki har tsakiyar bayanta, don haka ka rufe mata kai da tawul ka riƙe ta ta can baya.

In jini na zuba, danna wurin da bandeji mai tsabta minti biyar zuwa goma ba tare da ɗagawa kana leƙawa ba. Auduga ba ta da kyau a nan, zarenta na maƙalewa a rauni. Ɓangaren ƙoƙon da ya karye yana reto amma yana manne da nama, kada ka cire shi. Muddin jini na kai masa zai iya kamawa.

Daga nan sai ka haska raunin da tocila. Abin da kake son sani shi ne zurfinsa. In ƙarzuwa ce ko tsaga siririya wadda ɓangarorin ba sa motsi, aikin gida zai iya. In kuwa kana hango wata fata mai sheƙi a ciki tana sama da ƙasa da numfashinta, ko kumfa na fitowa daga tsagar, ko kana jin fitar iska, to an kai ga huhu. Wannan kada ka fesa masa komai. Rufe shi da bandejin da ka jiƙa da ruwan gishirin asibiti, ka ɗaure da filasta, ka nufi asibitin dabbobi. Haka nan in tsagar ta ratsa tsakiyar bayan, inda ƙashin baya yake. Matsa yatsun ƙafafunta na baya da ɗan ƙarfi: in ba ta janye ba, ko tana jan su a ƙasa, akwai yiwuwar laka ta taɓu. A kai ta cikin kwali ko roba da tawul mai ɗan danshi a ƙasa, babu ruwa, kuma ba a but ɗin mota da rana ba.

Raunin da bai kai ciki ba wanke shi ake yi, kuma wankin ya fi kowane magani muhimmanci. Ruwan da ya fi dacewa shi ne ruwan gishirin asibiti, wato normal saline da ake sayarwa a kemis. In babu, tafasa lita ɗaya ta ruwa, ka zuba gishiri giram 9, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya da rabi a shafe, ka bar shi ya huce. Zuƙa da babban sirinji mara allura, ka karkata ƙififiyar yadda ruwan zai gangara waje, ka yi ta fesawa har ka daina ganin yashi. Tsakuwa da ciyawa ka tsince su da hantsaki. Bayan haka ka tsarma aidin, irin wanda aka rubuta povidone iodine a kwalbarsa, kashi ɗaya a cikin kashi goma na ruwa, ya yi launin shayi mara kauri. Shafa, ka bar shi kamar minti goma, ka ɗauraye da ruwan gishirin, ka tsane da bandeji. Sai man ƙuna mai silver sulfadiazine, wanda kemis da yawa suka sani da sunan Dermazin, shafi siriri. In ba a samu ba, zuma tsantsa na aiki, sai dai tana jawo cinnaka, don haka mai amfani da ita ya shirya musu.

Ispirit, Dettol da Izal suna ƙona naman da ke ƙoƙarin tsirowa. Baƙin mai, toka da kanwa kuwa ban ga dalilin da za su kusanci rauni ba, ko na akuya ne. Farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane kada a ɗura mata.

In ɓangarorin suna motsi, daidaita su da yatsa yadda suka kamata, ka ɗora filasta a gicciye a kan tsagar wuri biyu ko uku, ka bar tazara a tsakani don wanki ya samu hanya. Wannan riƙo ne na wucin gadi, yana rage mata zafi.

Wurin jinya

A nan ne aka fi yin kuskure, shi ya sa zan daɗe a kai. Ƙififiya mai rauni a ƙoƙo a busasshen wuri take jinya. Samu robar wanki mai zurfin da ba za ta iya haurawa ba, ka shimfiɗa tsohon tawul ko tsumma mai tsabta, ka ajiye wani tsumman da za ta cusa kai a ƙarƙashinsa, don rashin maɓoya na hana ta sakewa. Ƙasa, yashi da ɗusar katako duk suna shiga rauni. Shimfiɗar a canza ta kullum, da kuma duk lokacin da ta ɓata ta.

Sai dai ba za ta rayu ba ruwa sam ba. A ruwa take sha, a ciki take kashi, kuma ba ta iya haɗiye abinci sai da shi. Don haka sau ɗaya ko biyu a rana ka sa ta a wata robar daban, da ruwa mai ɗan ɗumi, minti 20 zuwa 30. Zurfin ruwan ya danganta da inda raunin yake. In a ƙoƙon sama ne, ruwan ya tsaya ƙasa da shi, ya kai mata haɓa kawai yadda za ta sunkuya ta sha. In a ƙirji ne, abin ya fi wuya: ko ka rufe raunin da man ƙuna da filasta mai hana ruwa shiga kafin ka sa ta, ko ka karkatar da robar yadda kanta ne kaɗai zai kai ga ruwan. Ka tsaya a kanta har ta gama, domin mai rauni tana iya nutsewa a ruwan da bai kai tsawon yatsa ba. Da ta fito sai wanki, tsanewa, magani, ta koma busasshen wurinta. Ruwan a zubar, kada a ajiye shi don gobe. Na rijiya ko na burtsatse ya yi. Na famfo mai warin maganin ruwa a bar shi ya kwana a buɗe.

Mai laushin baya ba ta jure bushewa haka. Fatar bayanta kan tsattsage, saboda haka ita a kan tawul mai danshi take zama, a riƙa yayyafa mata ruwa, kuma a roba mai santsi, don kwamin siminti na goge mata ƙirji ya zama sabon ciwo.

Yanzu maganar ƙuda. Da damina ƙuda kan yi ƙwai a rauni, cikin kwana guda sun zama tsutsa, tsutsar kuma ta bi tsagar ta shige inda hantsaki ba ya kaiwa. Yanki tsohon gidan sauro ka rufe bakin robar, ka ɗaure da igiyar roba ta zagaye, kada ka bar ko kafar yatsa. Don cinnaka da kiyashi, ɗora robar a kan bulo a tsakiyar babban faranti mai ruwa. Da dare kuma akwai ɓera da gafiya. Ƙififiyar da ke busasshen wuri ba ta da inda za ta gudu, sukan cinye mata ƙafa tana raye, don haka a kwana da ita a ɗaki, a ɗora raga ta waya da dutse a kai.

In har tsutsar ta riga ta shiga, a tsince ta ɗaya bayan ɗaya, a wanke, a sake dubawa safe da yamma. Kada a kuskura a yi mata ivermectin. Duk mai kiwon tumaki da shanu a nan ya san allurar, kuma ita ce abin da hannu ke fara kaiwa in an ga tsutsa ko kaska, amma ga kunkuru da ƙififiya guba ce, tana shanye musu jiki ta kashe su. Wannan ka faɗe shi da bakinka a wurin duk wanda zai duba ta, ko da kana ganin ya sani. Maganin feshin ƙuda da na sauro su ma a nisanta su da ɗakin.

Ɗumi shi ne rabin magani. Jikin ƙififiya ba ya samar da zafin kansa, kuma garkuwar jikinta da narkar da abinci duk da ɗumin waje suke aiki. Abin da ake so shi ne maki 26 zuwa 30 a ma'aunin Celsius. Da damina ɗaki kan ba da wannan da kansa. Da hunturu, a Disamba da Janairu, daren Gombe da Bauchi na yin sanyin da zai tsayar da warkewa cak. Cika gorar roba da ruwan ɗumi, ka naɗe ta a tsumma, ka ajiye a gefe ɗaya na robar, yadda in ya yi mata yawa za ta matsa. Kada ka kai ta kusa da gawayi ko kaskon wuta. Da bazara kuma matsalar juyewa take: a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke taɓa maki 40, roba a rana tana kashe ta cikin ƙanƙanin lokaci. Tana buƙatar rana don ƙashi ya yi ƙwari, amma ta safe, minti 15 zuwa 20 kafin hantsi ya yi zafi, rabin robar a inuwa, kai kuma kana wurin. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta da wannan amfanin.

Abinci da aikin likita

Kwanakin farko ba za ta ci ba, kada ka buɗe mata baki da ƙarfi. Babba mai ƙoshin jiki tana yin mako ɗaya ko biyu ba ci ba tare da wata illa ba, in dai tana sha. Ka riƙa gwada ta a lokacin shiga ruwa. Abu mai motsi ya fi jan hankalinta: tana, ƙananan kifi, fara, shinge in lokacinsa ne. Kifi a ba ta da ƙashinsa da kayan cikinsa, a nan sinadarin gina ƙashi yake. Tsokar nama zalla ba ta gina ƙoƙo, in ita ce a hannu a barbaɗa mata garin ɓawon ƙwai da aka tafasa aka daka. Abincin tarwaɗa na buhu ma tana karɓa. Farar da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi, ko soyayya mai yaji ta kasuwa, ba nata ba ne, haka tuwo da burodi. Auna ta a sikelin kicin sau ɗaya a mako ka rubuta. In nauyin ya ragu da kashi ɗaya cikin goma, ko idanun suka faɗa, jinyar gida ta gaza.

Duk raunin da haƙorin kare ya yi, ko ƙanƙani ne a ido, yana buƙatar allurar kashe ƙwayoyin cuta, domin haƙori na huda ƙoƙo ya kai cuta ciki. Likitocin dabbobinmu shanu, awaki da kaji suka fi sabawa da su, to ka je da nauyinta a rubuce. Maganin da aka fi yi wa irin waɗannan dabbobi shi ne ceftazidime, miligiram 20 a kowane kilo, sau ɗaya a kwana uku, saboda jikinsu na jan lokaci kafin ya fitar da magani. Lissafa ka gani: ƙififiya mai giram 400 miligiram 8 kacal take buƙata, alhali kwalba guda giram ɗaya ce, ta fi allura ɗari. Shi ya sa ba a yi da ka, sai da sirinjin insulin da hannun wanda ya iya tsarmawa. A ƙafar gaba aka saba yi. Gentamicin, wadda ke ko'ina, tana lalata ƙoda in dabbar ba ta da isasshen ruwa a jiki. Ka tambayi maganin zafi ma, likita zai iya ba da meloxicam daidai nauyinta.

Ɗaurin karayar sai rauni ya tsabtata, wani lokaci bayan kwanaki, wani lokaci makonni. Dabarar da ta fi sauƙi a wurinmu ba ta buƙatar huda ƙoƙo. 'Yan ƙugiyoyin nan da teloli ke sa wa siket ake mannawa da gam mai ƙarfi a lafiyayyen ƙoƙo, ɗaya a kowane gefen tsagar, nesa da bakinta da kamar faɗin yatsa. In gam ɗin ya bushe sai a zarga siririyar waya tsakaninsu, a murɗa a hankali har ɓangarorin su haɗu. Tsagar na nan a buɗe ana ganinta ana wankewa, gam bai taɓa ta ba.

Wadda ta haɗiye ƙugiya kada a ja zaren, jan ne ke yaga maƙogwaro. A yanke shi a bar kamar tsawon taƙi, a manne a bayanta da filasta don kada ta ƙarasa haɗiyewa, a nemi inda za a ɗauki hoton ƙashi a ga inda ƙugiyar ta tsaya. In asibitin dabbobi na jiha bai da na'urar, asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Maiduguri, Jos da Zariya su ne wuraren tambaya. Al'adar huda gefen ƙoƙo a ɗaura igiya kuwa, don kada ta gudu, huda ƙashi ne ba allurar kashe zafi, kuma ramin kan tsage ko ya ruɓe. In ka sayo ta da shi, kwance igiyar ka yi jinyar ramin kamar kowane rauni.

Alamomin da ke cewa abu ya ɓaci: wari daga tsagar, mugunya mai kauri kamar cuku, ƙoƙo ya yi laushi in ka danna, ɓawo na ɗagowa da danshi a ƙarƙashi, ja-ja a ƙirji da hammatar ƙafafu. Na ƙarshen nan yana nufin cuta ta shiga jini. Kumfa a hanci, numfashi da baki a buɗe, ko karkacewa gefe ɗaya in tana iyo, huhu ne. Babu ɗaya a cikinsu da man shafawa zai warkar. Wani abin lura kuma, ƙififiya kan yi lamo har a ɗauka ta mutu. Taɓa gefen idonta, ja ƙafarta, ka ajiye ta a wuri mai ɗumi ta kwana kafin ka yanke hukunci.

Kai ma ka kula da kanka. Lafiyayyar ƙififiya ma tana iya ɗauke da ƙwayar cutar Salmonella, mai sa zawo da zazzaɓi, har ta kai Amurka ta hana sayar da 'yan ƙananan da ba su kai inci huɗu ba tun 1975, saboda yara na sa su a baki. Wanke hannu da sabulu bayan kowane wanki, robobinta kada su haɗu da na kicin, ruwanta a zuba a masai ko can bayan gida nesa da rijiya, kuma yaran da ba su kai shekara biyar ba, da mai ciki, su bar wa wani aikin.

Raunin fata kan rufe cikin makonni uku zuwa shida. Ƙoƙo yana ɗaukar wata shida zuwa shekara, wani ya wuce, kuma tabon ba ya ɓacewa. Ba sai ƙashi ya gama haɗewa take komawa ruwa ba. In tsagar ta cike da nama mai tauri, ta bushe, ba wari, ba abin da ke tsattsafowa in ka danna, fara ƙara mata lokaci: awa ɗaya, sai rabin yini, sai yini, kana duba wurin kowace yamma. In ya yi fari ya yi laushi, koma baya da mako guda. Bahon da za ta koma ya kasance da dutse ko katakon da za ta hau ta bushe gaba ɗaya, kuma ita kaɗai, don 'yan uwanta na cizon tabo.

Ta daji da aka tsinta, in tana iyo daidai, tana nutsewa, tana kama abinci da kanta, a cire mata waya da ƙugiyoyi a mayar da ita ruwan da ya fi kusa da inda aka same ta, da damina, tun kududdufai na cike. Wadda aka sayo daga masu sayar da kifin ado, mai jan zane a bayan ido, 'yar Amurka ce. Ita ba a sakinta a kogi ko dam ko da ta warke, a gida za ta ci gaba da zama.